Bin Sawun Baƙon Sararin Samaniya: Ta Yaya Aka San Daga Waje Ya Zo?

Wani matashi daga unguwar Gwale ya aiko mini da tambaya bayan ya ga hoton 3I/ATLAS yana yawo a wayoyin mutane, wato tauraruwa mai wutsiya da ta shigo daga wajen dangin ranarmu, baƙo na uku irinsa da aka taɓa ganowa. Ga abin da ya ce a taƙaice: "Malam, abin nan fa ɗigo ne kawai a hoto. Ta yaya masana za su dubi ɗigo su ce daga wajen dangin ranarmu ya zo, ga inda ya biyo, ga ranar da zai wuce? Ai babu wanda ya bi shi a baya. Kuma na ji wasu na cewa jirgin wasu halittu ne."

Ƙanena, tambayarka ta faranta mini rai, don ka taɓo ainihin inda aikin yake. Na daɗe ina koyar da kimiyyar fiziks a nan Kano, kuma duk shekara sai an sami ɗalibin da zai tsaya a daidai wannan gaɓa. Gaskiyarka ce, babu wanda ya bi shi. Babu kuma na'urar hangen nesa da ke nuna hanyar abu kamar yadda kake ganin titi a taswira. Hanyar lissafa ta ake yi, daga sawun da abin ke bari dare bayan dare, kamar yadda makiyayi ke bin sawun saniyarsa da ta ɓata har ya gaya maka inda ta nufa da irin saurin da take yi, alhali bai gan ta ba.

Bari in fara da abin da na'ura ke iya bayarwa, don ka ga ƙanƙantarsa. Ka ɗauka kana tsaye da dare a bakin hanyar Wudil, sai ka hango fitila ɗaya can nesa. Ka san ɓangaren da take, ka san lokacin da ka gan ta. Amma babur ne a kusa ko tirela ce a nesa? Zuwa take ko tafiya? Kallo ɗaya ba zai gaya maka ba. Haka hoton na'urar hangen nesa yake. Yana ba ka lambobi biyu da ke nuna matsayin ɗigon a fuskar sama, sai lokacin da aka ɗauki hoton. Nisa babu, sauri babu. Duk sauran abin da ka ji ana faɗa, daga waɗannan 'yan lambobi aka tatso shi.

Shi kansa gano ɗigon, ga yadda ake yi. Na'urorin ATLAS, waɗanda Jami'ar Hawaii ke kula da su da kuɗin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, suna ɗaukar gefe ɗaya na sama hoto huɗu cikin kimanin awa guda. Taurari na gaske suna da nisan da ya sa ba ka ganin motsinsu, don haka a duk hotunan huɗu suna nan a wuri ɗaya. Abin da ke cikin unguwar ranarmu kuwa sai ya ɗan matsa. Kwamfuta ce ke tsinto wanda ya matsa. Da haka na'urarsu ta Río Hurtado a ƙasar Chile ta tsinci wannan baƙo ranar 1 ga Yuli 2025.

Na taɓa yin irin wannan da ɗalibaina a kan rufin gidana, da 'yar na'urata mai madubi na santimita 20. Dutsen sama mai suna Vesta muka nufa, don yana da haske. Muka ɗauki hoto bayan sallar isha'i, muka sake ɗauka gab da asuba. Da gari ya waye muka ɗora hotunan biyu a kwamfuta, muna sauya su da sauri, wannan, wancan, wannan, wancan. Taurari ɗaruruwa sun ƙame kamar an kafa su da ƙusa. Guda ɗaya tak yana tsalle, hagu, dama, hagu, dama. Wani daga cikin yaran ya sa yatsa a kan gilashin ya ce, "Malam, ga shi can!" Har yau ina tuna yadda ɗakin ya yi tsit. Abin da suka sha karantawa a littafi ne suka gani yana motsi da idonsu.

Taurarin da ba sa motsi su ne turakunmu. Da su ake auna matsayin ɗigon. Kumbon Gaia na hukumar sararin samaniya ta Turai, wanda aka harba a 2013, ya auna matsayin taurari sama da biliyan 1 da daidaito mai ban mamaki, kuma wannan kundin ne masu auna duwatsun sama ke jingina da shi yanzu. Ma'aunin da ake amfani da shi kuwa shi ne sakan na kusurwa, wato ka raba digiri ɗaya gida 3,600. Faɗin wata ɗan daren sha huɗu kimanin 1,800 ne a wannan ma'auni. Na'ura mai kyau tana auna matsayin ɗigo da kuskuren da bai kai guda ɗaya ba.

Lokaci ma sai an kiyaye shi matuƙa. A wannan aikin namu na Vesta, da muka kwatanta awonmu da inda lissafi ya ce ya kamata dutsen ya kasance, sai muka ga saɓani. Kwana biyu muna bincike kafin mu gane cewa agogon kwamfutar ne ya yi baya da 'yan mintoci bayan batirinta ya mutu. Hoton lafiyarsa ƙalau, awon ma daidai ne, amma da yake lokacin da aka liƙa masa ba gaskiya ba ne, duka aikin ya gurɓace. Tun daga ranar ban sake fara kallo ba sai na daidaita agogo. Masana ma har tafiyar haske suke cirewa. A ranar da aka gano 3I/ATLAS, haskensa kusan rabin awa yake yi kafin ya iso mu, kuma cikin wannan rabin awa ya riga ya yi gaba da sama da kilomita dubu 100. Inda ka gan shi, ba nan yake ba.

To daga nan ta yaya ake samun nisa da sauri? Abu biyu ne ke taimakawa.

Na farko, mu kanmu ba a tsaye muke ba. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya ido. Za ka ga yatsan ya yi tsalle a gaban bangon da ke bayansa. Matso da shi kusa da hanci, tsallen ya ƙaru. Girman tsallen shi ke nuna nisa. Na'ura a Chile da wata a Afirka ta Kudu ko Hawaii idanu biyu ne. Duniya kuma tana juyawa, tana kuma kewaya rana da saurin kilomita 30 a sakan ɗaya, don haka ko na'ura ɗaya ce, gobe daga wani wuri dabam take kallo. Shi ya sa duk wata cibiyar kallo da ke aika awo take da lambarta, a san takamaiman inda take a doron ƙasa. Ta ATLAS ta Chile W68 ce.

Na biyu, kuma shi ne ƙashin bayan aikin: abu a sararin samaniya ba ya tafiya yadda ya ga dama. Ƙarfin jan rana ya ɗaure shi da doka. Idan ka san inda yake da saurinsa da inda ya fuskanta a lokaci ɗaya, to ka san hanyarsa gaba da baya. Lambobi shida ne ke bayyana hanyar gaba ɗaya. Kowane kallo yana ba ka lambobi biyu. Ashe ke nan kallo uku a lokuta mabambanta ya isa a fara lissafi. Wannan ba sabon ilmi ba ne. Ranar 1 ga Janairu 1801 Giuseppe Piazzi ya gano wani babban dutsen sama mai suna Ceres daga birnin Palermo na Italiya, ya bi shi kimanin kwana 40, sai hasken rana ya rufe shi ya ɓace. Wani matashi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ɗan shekara 24, ya ɗauki waɗannan 'yan awo ya lissafa inda zai ɓullo. A ƙarshen shekarar aka duba wurin, aka same shi. Abin da Gauss ya yi da alƙalami da takarda, shi kwamfuta ke yi yau cikin ƙiftawar ido, a Cibiyar Ƙananan Duniyoyi da ke Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, inda ake tara awon duk duniya, da kuma cibiyar JPL ta NASA.

Yanzu mu zo kan zuciyar tambayarka: me ya nuna baƙo ne?

Ɗauki babbar ƙwarya, ka jefa goruba a ciki ta riƙa kewaya gefe. Idan a hankali ka tura ta, za ta yi ta zagaye a cikin ƙwaryar. Ka ƙara ƙarfi, za ta hau sama ta dawo. Amma akwai ƙarfin da idan ka wuce shi, sai ta tsallake baki ta fice, ba ta dawowa. Rana ita ce gindin ƙwaryar. A kowane nisa daga rana akwai iyakar saurin da ɗan gida ba ya wucewa. A nisan da duniyarmu take, wato kilomita miliyan 150, iyakar ita ce kilomita 42 a sakan. Can inda aka gano 3I/ATLAS, kimanin kilomita miliyan 670 daga rana, iyakar ba ta wuce kilomita 20 a sakan ba, don jan rana ya yi rauni a can. Shi kuwa da kimanin kilomita 61 a sakan yake tafe. Daga Kano zuwa Kaduna ke nan cikin sakan 4. Abin da ya faɗo daga gefen ƙwaryarmu, komai nisan inda ya taso, ba zai iya yin wannan gudu a wannan wuri ba. Da gudunsa ya shigo. Idan aka cire abin da jan rana ya ƙara masa, sai a ga tun yana can cikin duhun da ke tsakanin taurari yana yin kilomita 58 a sakan.

Masana suna taƙaita wannan da lamba ɗaya, wadda ke nuna yadda hanyar ta buɗe. Sifili cikakkiyar da'ira ce. Hanyar duniyarmu 0.017 ce, kusan da'ira. Tauraruwa mai wutsiya ta Halley, mai dawowa duk bayan shekara 76 ko kusa da haka, tata 0.97 ce, doguwar siffar ƙwai amma rufaffiya. Da zarar lambar ta haura 1, hanyar ta zama kamar baka, bakinta biyu ba sa haɗuwa har abada. Baƙo na farko, ʻOumuamua, wanda Robert Weryk ya gano da na'urar Pan-STARRS a Hawaii ranar 19 ga Oktoba 2017, tasa 1.2 ce. Na biyu, wanda Gennadiy Borisov ya gano a Kirimiya ranar 30 ga Agusta 2019 da na'urar da ya ƙera da hannunsa, ta haura 3. Ta 3I/ATLAS kuwa ta haura 6. Hanyarsa kusan miƙaƙƙiya ce, rana ɗan lanƙwasa ta kawai ta iya yi.

Akwai tarko a nan wanda masana suka sani sarai. Ɗan gida ma yana iya haura 1 idan wata babbar duniya ta hankaɗa shi. Tauraruwa mai wutsiya ta Bowell ta gifta kusa da Jupita a 1980, ta fito da lamba 1.057, ta kama hanyar ficewa, alhali 'yar gida ce. Saboda haka ba a yanke hukunci sai an mayar da lissafin baya, an duba ko abin ya ratsa kusa da wata duniya kafin a gan shi. Waɗannan baƙi uku babu wanda ya hankaɗa su. Tun daga nesa haka suka taho.

Kada ka ɗauka a daren farko aka san duk wannan da tabbaci. A daren farko sawun gajere ne, hanyoyi dubbai za su iya dacewa da shi: ƙaramin abu a kusa mai tafiya a hankali, ko babba a nesa mai tsananin gudu. Abin da ake yi shi ne a sanar da duniya, kowa mai na'ura ya duba. Kowane sabon awo sai ya kashe wasu hanyoyin. Sannan a koma rumbun tsofaffin hotuna, a ce idan wannan hanyar gaskiya ce, to makonni biyu da suka wuce ya kamata ɗigon ya kasance a wuri kaza. A buɗe hoton wannan dare a duba. Haka aka tsinci 3I/ATLAS a hotunan tsakiyar watan Yuni da babu wanda ya lura da shi a cikinsu, shi ya sa cikin kwana ɗaya zuwa biyu magana ta tabbata. Na Borisov ma har a hotunan Disamba 2018 aka same shi, wata takwas kafin a san da zamansa.

Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe, don shi ya bambanta wannan ilmi da hasashen baki. Lissafin yana faɗin inda abin zai kasance gobe, kuma gobe kowa na iya zuwa ya duba. Ka tambayi yayyenka labarin husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda aka gani a nan arewa. Tun shekaru kafin ranar aka faɗi sa'ar da zai kama da garuruwan da duhu zai rufe, kuma haka ya kasance da ikon Allah. Lissafi ɗaya ne da wanda ake yi wa baƙon nan. Tun a watan Yuli 2025 aka ce zai gifta duniyar Mars a farkon Oktoba da tazarar kusan kilomita miliyan 30, ya kai kusancinsa na ƙarshe da rana a ƙarshen Oktoba, ya fi kusa da mu ranar 19 ga Disamba da tazarar kimanin kilomita miliyan 270, sannan ya gifta Jupita a tsakiyar Maris 2026 a hanyarsa ta ficewa.

Giftawar Mars ɗin nan ita ta fi burge ni a duk labarin. A watan Oktoba baƙon ya shiga ɓangaren rana daga inda muke, na'urorin duniya ba sa iya kallonsa, irin abin da ya sami Piazzi. Amma a wannan karon muna da ido a wani wuri. Kumbon Turai mai suna Trace Gas Orbiter, da ke kewaya Mars, ya juya kyamararsa ya ɗauke shi a makon farko na Oktoba. Ka tuna da yatsa da idanu biyu. Yanzu ido ɗaya yana duniya, ɗayan yana Mars. Hukumar ta Turai ta sanar cewa wannan awo ya rage kuskuren lissafin matsayinsa kusan sau 10.

Sai maganar jirgin wasu halittu. Ba zan yi wa masu wannan tunani dariya ba, don ba haka kawai maganar ta taso ba. Da aka bi ʻOumuamua har zuwa Janairu 2018, inda Hubble, na'urar hangen nesa da ke shawagi a sararin samaniya, ta yi masa kallon ƙarshe, sai aka ga ya ɗan kauce wa hanyar da jan rana kaɗai zai ba shi. Wani abu na tura shi kaɗan. A wurin taurari masu wutsiya wannan sananne ne: rana ta gasa ƙanƙarar jikinsu, tururi ya fito da ƙarfi ta gefe ɗaya, ya ture su ta ɗaya gefen. Matsalar ita ce shi ʻOumuamua ba a ga wutsiya ko hayaƙi a jikinsa ba, ga haskensa yana ƙaruwa yana raguwa kusan ninki 10 cikin 'yan sa'o'i, alamar siffarsa ba dunƙulalliya ba ce. Farfesa Avi Loeb na Jami'ar Harvard ya fito ya ce wataƙila ƙerarren abu ne, kuma ya sake tayar da irin wannan magana kan 3I/ATLAS. Mafi yawan masana ba su yarda da shi ba, ni ma ina tare da su. ʻOumuamua an gano shi ne bayan ya riga ya wuce rana tun 9 ga Satumba 2017, yana tafiya yana dusashewa, ƙasa da wata uku aka samu ana kallonsa. Ƙarancin awo ne ya bar ƙofa a buɗe. Shi kuwa 3I/ATLAS an same shi da wuri, an kalle shi da kyau. Hubble ta ɗauke shi ranar 21 ga Yuli 2025, ga ƙura nan ta lulluɓe shi. Na'urar James Webb ta auna iskar da ke fita daga jikinsa, ta sami iskar kabon mai yawa da ruwa. Duk abin da tauraruwa mai wutsiya ke yi, yana yi. Kuma lura da wani abu: wannan 'yar kaucewar ta ʻOumuamua, masu bin sawun ne da kansu suka gano ta suka sanar. Awon da ya iya kama ɗan turi irin wannan, da jirgi ne ya taka birki ko ya karya kwana, ba zai ɓoyu ba.

Inda lissafin ke tsayawa shi ne sunan tauraruwar da baƙon ya baro. Ɓangaren da ya fito an san shi. ʻOumuamua daga wajen da tauraruwar Vega take ya ɓullo. Amma da irin gudunsa na kilomita 26 a sakan, tafiyar daga nisan Vega kusan shekara dubu 300 ce, kuma a wancan lokacin Vega ba a nan take ba, don taurari ma tafiya suke yi. Ƙaramin kuskure a awon yau, idan ka ja shi baya shekara miliyoyi, sai ya zama faɗin da zai ɗauki taurari masu yawa. Don haka idan ka ga wani ya rubuta cewa daga tauraruwa kaza ya zo, ka ajiye maganar a gefe.

Game da ganinsa daga Kano, ido ba zai iya ba. A ranar da aka gano shi ya fi tauraro mafi dusashewa da ido ke gani rauni kusan sau dubu 60. Ko da ya yi haske daga baya, sai da na'ura. Mu kuma muna da namu cikas: gajimaren damina a Yuli da Agusta, hazon hunturu a Disamba da Janairu, ga fitilun birni. Amma muna da wata baiwa da ba kowa ya san da ita ba. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka muna ganin duk saman arewa da mafi yawan saman kudu, abin da mutumin Ingila ba ya samu. Daren da ya biyo bayan ruwan sama, ko ƙarshen Oktoba kafin hazo ya sauka, idan ka fita bayan gari, sama tana buɗewa sosai. Yana damuna ƙwarai cewa yaranmu da yawa suna gama sakandare ba su taɓa sa ido a na'urar hangen nesa ba, alhali kakanninsu sun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'ya'yanta, suna kuma lissafin damina da taurari.

Baƙi kuma za su ƙaru, in sha Allahu. Sabuwar cibiyar Vera Rubin a Chile, mai madubi na mita 8.4, wadda ta fitar da hotunanta na farko a Yuni 2025, an gina ta ne don ta riƙa share saman kudu duk bayan 'yan kwanaki, kuma irin wannan sharar ce ke kama baƙo tun yana nesa.

Kafin na huɗu ya zo, ga aikin da nake ba ɗalibaina, kai ma na ba ka. Sauke manhajar Stellarium a wayarka, kyauta ce, ka nemi inda Mars take idan lokacin ganinta ne, ko Jupita. Samo littafin rubutu. Ka hau soro, ko ka tsaya a tsakar gida inda babu fitila, ka zana ta tare da taurari huɗu ko biyar da ke kewaye da ita, ka rubuta kwanan wata da lokaci. Ka maimaita duk bayan kwana biyar, har sau uku. Kafin karo na huɗu, ka ɗauki biro ka sa alama a inda kake tsammanin za ka same ta, sannan ka fita ka duba. Ka aiko mini da hoton shafin, mu auna tazarar da ke tsakanin alamarka da inda ta tsaya.